Yadda Ake Tantance Mai Neman Aikin Koci a Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa

Assalamu alaikum masu kallo. Da yawa daga cikin 'yan wasanmu da suka jingine takalma suna burin zama masu horarwa, amma kaɗan ne suka san abin da ke jiransu tun daga ranar da suka miƙa takardar neman aiki har zuwa ranar sa hannu a kwantiragi. Wannan hanyar za mu bi tare da ku a yau.

Abu na farko da kwamitin tantancewa ke dubawa shi ne lasisi. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ta tsara lasisin horarwa hawa-hawa, daga D zuwa C, sai B, sai A, sannan na ƙoli da ake kira Pro, kuma ƙungiyar da za ta shiga gasar zakarun Afirka dole ne babban kocinta ya mallaki aƙalla lasisin A. A Najeriya, masu horarwa da dama sun fara ne da kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Legas. Wanda takardunsa ba su cika ba, ko kiransa ba za a yi ba.

Ranar ganawa ce ke bambanta masu neman aikin, kuma a nan ne tsofaffin 'yan wasa suka fi yin tuntuɓe. Mutum zai shigo yana dogaro da sunan da ya yi a fili, ya ce shi tsarin 4-3-3 yake so, wato 'yan baya huɗu da 'yan tsakiya uku da 'yan gaba uku, kuma yana son wasa mai kai hari, alhali duk wanda ya shiga ɗakin kafin shi haka ya faɗa. Abin da kwamiti ke son ji shi ne ko ya san wannan ƙungiyar da yake nema, da 'yan wasanta, da halin da take ciki. A ce Kano Pillars mutum yake nema. Ya kamata ya san cewa ƙungiya ce da ta ɗauki kofin gasar ƙasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ɗanɗani faɗuwa zuwa rukuni na biyu a 2022 kafin ta dawo a shekarar da ta biyo baya, saboda haka magoya bayan da ke cika filin Sani Abacha a Ƙofar Mata ba za su yi haƙuri da zaman tsakiyar teburi ba. Ya kamata ya zauna ya kalli wasannin kakar da ta wuce, ya gano a wane lokaci ake yawan zura wa ƙungiyar ƙwallo, ko daga bugun kwana ne ko bayan hutun rabin lokaci, sannan ya zo da tsarin atisayen da zai magance matsalar.

Akwai kuma abubuwan da ba a rubuta su a littattafan horarwa na Turai ba. Ta yaya zai shirya 'yan wasan da suka yini a mota daga Arewa zuwa Aba ko Uyo kafin su shiga fili? Idan watan azumi ya zo ana tsakiyar kaka, zai mayar da atisaye bayan la'asar ne ko bayan shan ruwa? A ganina, kocin da ya taɓo waɗannan tun kafin a tambaye shi ya riga ya nuna cewa ya san aikin da yake nema.

Daga nan sai tambayoyin gwada hali. Za a iya tambayarsa abin da zai yi idan ɗan wasan da ya fi cin ƙwallo ya ƙi zuwa atisaye ana jibi babban wasa, ko kuma idan wani mai faɗa-a-ji ya kira waya yana neman a saka yaronsa a wasa. Tambaya ta biyun tana da nauyi, domin yawancin ƙungiyoyin gasar Najeriya mallakar gwamnatocin jihohi ne. Amsar da ta dace ita ce ya bayyana cikin ladabi ƙa'idar da yake bi wajen zaɓen 'yan wasa, ya kuma kawo misalin lokacin da ya taɓa aiki da ita, ba tare da ya ɓata sunan inda ya baro ba.

Wasu ƙungiyoyin ba sa tsayawa a magana, sai su fitar da mutum fili su ba shi 'yan wasa ya jagoranci atisaye. Ana lura da ko muryarsa na isa, da ko yana barin 'yan wasa tsaye a layi suna jira, da yadda yake gyara kuskure, musamman a tawagar da wani Hausa yake ji, wani Turancin buroka, wani kuma Faransanci. Bayan haka sukan kira tsofaffin wuraren aikinsa su ji shaidar da za a yi masa.

Sai batun kwantiragi, wanda masu neman aiki da yawa ke yi wa riƙon sakainar kashi saboda murnar an zaɓe su. A watan Agustan 2024, hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, NFF, ta sanar da Bajamushe Bruno Labbadia a matsayin kocin Super Eagles, amma cikin 'yan kwanaki yarjejeniyar ta rushe a kan batun haraji, kuma sai a watan Janairun 2025 aka naɗa Eric Chelle ɗan ƙasar Mali. Idan hakan ta faru a matakin ƙasa, to kocin ƙungiya ya fi buƙatar yin hattara. Ya tambayi ranar biyan albashi, da kuɗin sa hannu, da alawus ɗin wasa. Ya tambayi wa ke da ikon sayen 'yan wasa, kuma ko shi zai zaɓi mataimakansa. Tun da yake al'ada ce a gasarmu a ba koci wa'adin wasa biyu ko uku idan sakamako ya lalace, ya nemi a rubuta a fili abin da za a biya shi idan aka sallame shi kafin wa'adin kwantiraginsa ya cika. Kada ya karɓi alkawarin baka a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, ya kai wa lauya takardar ya duba, kuma ya riƙe kwafin da shugaban ƙungiya ya sa wa hannu kafin ya jagoranci atisayen farko.