Manhajar Zana Giya: Abin da Muke Bukata a Sabunta Kafin Mu Dora Karfe a Injin CNC

Laccar kan yanka giyar inji (faifan ƙarfe mai haƙora) da injin CNC, wato injin da ke yanka ƙarfe bisa umarnin kwamfuta, da aka gabatar wa masu gyaran injinan casar shinkafa da na niƙa a ƙaramar hukumar Kura, jihar Kano. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa.

Assalamu alaikum. Iyayenmu masu gidajen sana'a, da 'yan'uwa matasa, barkanku da zuwa.

Yawancin manhajojin zana giya, irin su Gearotic da sashen giya na FreeCAD, an gina su ne domin mai ƙirƙirar sabon inji: ya ba su lissafi, su fito masa da zane. Aikinmu a nan daban ne. Mutum zai zo da tsohuwar giya a buhu, haƙora uku sun karye, sauran sun cinye, shinkafar jama'a na jibge tana jira. Don haka gyara na farko da ya kamata a nema shi ne manhaja ta iya farawa daga awon tsohuwar giya.

Ga lissafin. Girman haƙori ana kiransa modul. Ka auna faɗin giyar daga kan haƙori zuwa kan na ɗaya ɓangaren, ka raba da yawan haƙora bayan ka ƙara 2. Giya mai haƙora 40 da faɗin milimita 126, ka raba da 42, modul 3 ke nan. Zurfin haƙori kuma modul sau 2.25.

Inda ake faɗuwa shi ne nan. Injinan da aka ƙera bisa awon inci suna da nasu tsarin, DP, wanda ake samun modul ɗinsa ta raba 25.4 da lambar DP ɗin. DP 10 daidai yake da modul 2.54. A giya mai haƙora 30, modul 2.5 zai ba ka faɗin milimita 80, DP 10 zai ba ka 81.28. Idan giyar ta cinye, ka auna ka ga ta ɗan gaza 80, wanne ne? Ido ba zai raba maka gardama ba. Ka koma jikin akwatin giyar, ka auna tazarar tsakiyar ramukan boris guda biyu, domin nan ba ya cinyewa kamar haƙori. Tazarar ita ce modul sau jimillar haƙoran giyoyin biyu, a raba biyu. Manhaja mai amfani ya kamata ta karɓi awon nan biyu ta nuna inda suka saɓa. Haka kusurwar haƙori: ta zamani digiri 20 ce, tsofaffin injina da yawa 14.5. Ka haɗa su, inji zai yi ta kuka, haƙora su cinye juna.

Na biyu, ƙaramar giya. A digiri 20, idan haƙora suka gaza 17, gindin haƙori yana tsukewa wajen yanka, kuma daga nan yake ɓallewa idan dutse ya shiga inji. Maganinsa a janye yankan waje kaɗan. Mai haƙora 12 tana bukatar kusan 0.3 na modul. Sai dai wannan yana sauya tazarar, sai an rage wa babbar giyar daidai abin da aka ƙara wa ƙaramar. Ina so manhaja ta yi gargaɗin nan da kanta, don yaron da ke koyo ba zai hango shi a allo ba.

Na uku, bakin yanka. Zane ya yi kyau a kwamfuta, amma a modul 2 ƙasan ramin da ke tsakanin haƙora bai kai faɗin milimita 2 ba. Bakin milimita 3 ba zai isa ƙasa ba, zai bar tudu, giya ta ƙi zama. Dole manhaja ta tambayi bakin da ke hannunka kafin ta fitar da G-code, wato rubutaccen umarnin da injin CNC ke bi wajen yanka. Kuma ta fitar da lanƙwasar haƙori da G02 da G03, umarnin yanka lanƙwasa, domin ɗaruruwan guntayen G01, umarnin miƙaƙƙen layi, suna iya sa inji mai aiki da manhajar sarrafawa ta Mach3 ko GRBL ya riƙa tsaye-tsaye, ya bar gargada a fuskar haƙori.

Sai batun wuta, wanda duk kun san shi. Janareto ya mutu kana haƙori na 23 cikin 37. Muna bukatar fayil da aka raba haƙori-haƙori, kowanne da kusurwarsa tun daga sifili, ta yadda za ka mayar da inji mafarinsa ka ci gaba daga inda ka tsaya. Kada ka kwance ƙarfen daga mariƙinsa ko da za ka kwana.

Wani dattijo ya yi tambaya: Malam, in babu irin wannan manhaja fa a yanzu?

Baba, sai a yi gwaji da abu mai araha. A fara yanka giyar a katako ko roba mai kauri, a ɗora a kan shaf tare da abokiyarta, a juya da hannu zagaye guda cikakke. Ya kamata a ji ɗan wasa tsakanin haƙora, kamar milimita 0.1 zuwa 0.15 a modul 3, don giris ya sami wurin zama, kuma kada su cije idan ƙarfe ya ɗau zafi. In ta cije a wuri ɗaya kawai, ramin tsakiya ne ya goce. In ta cije ko'ina, a sake duba modul da kusurwa kafin a taɓa ƙarfe.