Dutsen Ɗumi Ko Dutsen Guga?

Tunda hunturu ya kama a Kaduna saƙo ɗaya nake ta samu: "Malam, ƙadangarena ya daina cin abinci saboda sanyi, in saya masa dutsen nan mai waya?" To ga shi nan a hannuna. Siminti ne ko roba aka yi wa siffar dutse, da wayar lantarki a ciki, ka jona a soket ya ɗau zafi.

Amsata a'a ce, amma ku tsaya ku ji dalili.

Kowa cewa yake yi, ai in ya ji zafi zai sauka. Nan ne kuskuren. Kai da ni in muka taɓa murfin tukunya, hannu ya janye kafin ma mu yi tunani. Su waɗannan halittu sau da yawa ba sa yin haka. Ku kalli jan gwadan nan a kan katanga da hantsi, yana ta gyaɗa kai kamar mai unguwa. Daga sama rana take dukansa, bayansa ya ɗumama, ya ji ya ishe shi, ya koma inuwa. Dutsen waya kuwa ta ciki yake gasa shi, iskar akwatin na nan da sanyinta. Baya na cewa har yanzu da sanyi, sai ya ƙara lafewa. Awa ɗaya, awa biyar, har gari ya waye.

Kuma zafin ba daidai yake ko'ina ba. Na gwada da ma'aunin zafi: gefe ɗumi-ɗumi, tsakiya kuwa zafi sosai. Dutsen guga ma ya fi shi hankali, shi yana kashe kansa in ya yi zafi, da yawan duwatsun nan ba su da na'urar da ke yin haka. Ga wutarmu, yau ta zo kamar kyandir, gobe ta ƙona caja.

Kar ka ce ka taɓa da hannu ka ji lafiya. Daƙiƙa biyu ka yi, shi kwana yake yi.

Ƙunar ma ba lallai ta fito ran nan ba. Sai bayan kwanaki ka juya ƙadangaren ka ga cikinsa ya yi ja ko baƙi, ko ya yi bororo. In ka ga haka, zare wayar, a tafi wurin likitan dabbobi. Ban da man shafawar gida, don Allah.

Me za a yi? Fitila daga sama, inda ba zai taɓa ta ba, da dutse na gaske a ƙarƙashinta. Gefe ɗaya ɗumi, ɗayan sanyi, ya zaɓa da kansa. In kuma ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo kake kiwo, digiri 31 zuwa 32 na Celsius a gefen ɗumi ya wadatar da ita.

Wanda ya riga ya saya kuma, yanke wayar, a bar shi ado.