Yadda Aka Rufe Asibitin Carney Gwamnati Tana Kallo

Masu kallo, barkanmu da warhaka.

Ku dubi ginin nan da kyau. Asibitin Carney ke nan, a unguwar Dorchester da ke birnin Boston, a jihar Massachusetts ta Amurka. An kafa shi a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar ƙasar, kuma ya ƙaura zuwa wannan unguwa a 1953. Ranar Asabar, 31 ga Agusta, 2024, da ƙarfe bakwai na safe, aka garƙame ƙofarsa, bayan shekara 161 yana karɓar marasa lafiya.

Mutanen unguwa ba su so ba. Ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga. Kansilolin birni sun yi ta kiraye-kiraye. Ita kanta ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce ana buƙatar asibitin. Duk da haka aka rufe shi. To, wa ke da ikon hanawa, kuma me ya sa bai hana ba?

Sai mun koma baya tukuna. A da, Carney yana cikin asibitoci shida na cocin Katolika a yankin Boston, waɗanda ake kira Caritas Christi. Bashi ya yi musu katutu, sai a 2010 wani kamfanin zuba jari na New York mai suna Cerberus ya saye su, ya sa musu sabon suna, Steward Health Care. Asibitocin da aka gina don taimako suka koma na neman riba. Wani likitan zuciya, Ralph de la Torre, shi ne shugaba. Antoni Janar ta jihar a lokacin, Martha Coakley, ta amince da cinikin bisa sharuɗɗa, ciki har da sa ido a kan kamfanin na shekara biyar.

Shekara biyar ta wuce. A 2016 aka yi cinikin da, a ganina, shi ne ainihin ranar da aka fara rufe Carney. Steward ya ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.25 da wani kamfanin dillancin gidaje da filaye, Medical Properties Trust, wadda ta buɗe ƙofar sayar masa da filaye da gine-ginen asibitocin. Ku kwatanta da magidancin da ya sayar da gidan gadonsa, ya karɓi kuɗi dunƙule, sannan ya ci gaba da zama a cikin gidan yana biyan haya. Ranar da kuɗin suka shigo, kowa zai ce ya yi arziki. Amma ƙarshen kowane wata mai gida yana bakin ƙofa. Asibitin da a da ba ya biyan ko sisi don ya zauna a filinsa, yanzu sai ya fitar da kuɗin haya kafin ya yi tunanin magani da albashi.

Kuɗin da aka samu fa? Wani kaso aka sayi ƙarin asibitoci a wasu jihohi, wani kaso ya tafi wajen masu jari. Rahotanni sun ce Cerberus ya fita daga harkar da ribar kusan dala miliyan 800. Shi kuwa de la Torre, jaridu sun ruwaito ya sayi jirgin ruwan shaƙatawa na kusan dala miliyan 40. A can cikin asibitocin kuma, masu kawo kayan aiki suna bin bashi, wasu har suna zuwa su kwashe kayansu. Jaridar Boston Globe ta ba da labarin wata mai jego da ta rasu a 2023 bayan ta haihu a asibitin St. Elizabeth's na kamfanin, inda aka tarar kayan da ake tsayar da zubar jini da su babu, don mai kayan ya zo ya karɓe saboda ba a biya shi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ina gwamnatin jiha take duk wannan lokaci? Dokar Massachusetts ta ce kamfanonin asibiti su riƙa miƙa bayanan kuɗinsu ga hukumar da ke bin diddigin harkar lafiya. Steward ya shekara da shekaru yana ƙin ba da cikakkun bayanan uwar kamfanin. Aka ci shi tara, aka shiga kotu, magana ta yi ta jan ƙafa. Sai a Fabrairun 2024 gwamnar jihar, Maura Healey, ta rubuta wa de la Torre wasiƙa mai zafi tana neman takardun, tana kuma cewa kamfanin ya tattara ya bar jihar. Ihu bayan hari. Ranar 6 ga Mayu, 2024, Steward ya je kotu a birnin Houston na jihar Texas ya ce ya karye, da asibitoci 31 a jihohi takwas da bashin da ya kai kusan dala biliyan 9.

Ku lura da wurin: Houston. Daga wannan rana, makomar asibitin Dorchester ta koma hannun alƙalin da ke zaune a wata jiha can nesa, wanda aikinsa shi ne ya raba abin da ya rage tsakanin masu bin bashi.

Ranar 26 ga Yuli kamfanin ya sanar cewa bai samu mai saye da ya cika sharuɗɗa ba ga asibitoci biyu, Carney da kuma Nashoba Valley da ke garin Ayer, don haka zai rufe su. A ƙa'idar jihar, duk mai son rufe muhimmin sashe na asibiti sai ya ba da sanarwar kwana 120. Alƙalin, Christopher Lopez, ya amince a rufe a ƙarshen Agusta. Ku ƙirga, kwana 36 ke nan.

Dorchester ita ce unguwa mafi girma a Boston, cike da baƙaƙen fata da baƙi 'yan asalin Haiti da Cape Verde da Vietnam. Da yawansu ba su da mota, kuma inshorar gwamnati ce ke biya musu magani, wadda kuɗinta bai kai na inshorar masu hali ba. Wannan shi ya sa asibitin bai yi wa masu saye kwarjini ba, kuma shi ne dai ya sa mutanen ba za su iya rabuwa da shi ba. Kafin a rufe shi, sashensa na gaggawa yana ganin mutum kusan 30,000 a shekara, yana da gadaje na masu taɓin hankali, ga ma'aikata sama da 700.

A tsakiyar Agusta ma'aikatar lafiya ta kira taron jin ra'ayin jama'a a zauren Florian Hall. Wuri ya cika maƙil. Ma'aikatan jinya, direbobin motar ɗaukar marasa lafiya, tsofaffi masu dogara sanda, kowa ya tashi ya faɗi nasa. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta jihar ta nemi a ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiya, majalisar birnin ma ta goyi bayan haka. Bayan taron, ma'aikatar ta yanke cewa lallai asibitin ya zama dole ga lafiyar mutanen yankin.

Kuna tsammanin shi ke nan an tsira? A'a. Abin da dokar ta ba ma'aikatar shi ne a sanar da ita, ta saurari jama'a, ta nemi kamfani ya rubuto yadda marasa lafiya za su samu kulawa a wani wuri. Ba ta da ikon cewa kada a rufe. Mai gadi ne da aka ba fito amma ba a ba shi makulli ba.

Abin da ya fi ƙona wa mutanen Dorchester rai ya zo a cikin watan nan dai. Gwamna Healey ta sanar cewa jihar za ta yi amfani da ikonta na karɓe fili don amfanin jama'a, ta ƙwace filin St. Elizabeth's da ke unguwar Brighton, ta yi tayin dala miliyan 4.5, asibitin Boston Medical Center ya karɓi ragamarsa. Sai mutane suka ce, ashe ana iyawa? Me ya hana a yi wa Carney haka? Amsar gwamnati ita ce, can akwai wanda ya shirya tafiyar da asibitin, nan kuwa babu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don fili kaɗai ba ya duba mara lafiya. Amma ni dai ban ga laifin wanda ya ce da an sa himma iri ɗaya, da an samo mai karɓa ba.

De la Torre kuwa, kwamitin majalisar dattawan Amurka ƙarƙashin Sanata Bernie Sanders ya gayyace shi, ya ƙi zuwa. A Satumban 2024 majalisar gaba ɗaya, ba tare da ko mutum ɗaya ya ja ba, ta same shi da laifin raina majalisa, ta miƙa batun don a gurfanar da shi a kotu, abin da rabon da a yi tun 1971. Bayan 'yan kwanaki ya sauka daga kujerarsa.

A Janairun 2025 gwamnar ta sa hannu a sabuwar doka. Ta ƙara tarar da ake ci wa masu ɓoye bayanan kuɗi, ta ba hukumomi damar leƙa asusun kamfanonin jarin da ke bayan asibitoci, ta kuma hana ba da sabon lasisi ga babban asibitin da ke zaman haya a filin irin waɗancan kamfanonin gidaje. Ranar da aka sa hannun, Carney ya yi wata huɗu da 'yan kwanaki a rufe.