Sharhi: Inda ake gama zaɓe tun kafin ranar zaɓe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. A majalisun Jekadafari da Pantami da Tudun Wada a garin Gombe ana yawan tambayar nan: in dai talaka ne ke zaɓe, me ya sa fuskokin ba sa canzawa?

A zaɓen 2023 jam'iyyu 18 ne a takardar ƙuri'a, bayan hukumar INEC ta soke rajistar 74 a 2020. Mai hange daga nesa zai ce zaɓi ya wadata. Sai dai sunan da ke bayan kowace alama an riga an tankaɗe shi an rairaye a inda mai katin zaɓe ba shi da ta cewa.

Tsarin mulkin 1999 bai san ɗan takara mai zaman kansa ba. Daga majalisar jiha har kujerar shugaban ƙasa, sai jam'iyya ta tsayar da mutum, ita kuma jam'iyya fom take sayarwa. A 2022 APC ta sa fom ɗin gwamna naira miliyan 50, na sanata miliyan 20, na majalisar wakilai miliyan 10, na majalisar jiha miliyan 2. PDP ta sa na gwamna miliyan 21, na majalisar jiha dubu 600. Mafi ƙarancin albashi a lokacin dubu 30 ne, wato ƙaramin ma'aikaci sai ya tara albashin sama da shekara biyar da rabi, ba ci ba sha, kafin ya sayi fom mafi araha na APC. Shi ya sa galibi ubangida ke saya wa yaronsa, kuma wanda ya biya kuɗin fom shi ake fara saurare bayan rantsuwa.

Sai maganar daliget, wato wakilan da ke fitar wa jam'iyya ɗan takara, wadda ita ce gundarin lamarin. A 2022 PDP ta ɗauki mutum uku daga kowace mazaɓa, APC ta ɗauki biyar. Gombe na da mazaɓu 114, kenan kusan mutum 342 a PDP, 570 a APC. Ƙasa da mutum dubu ne suka fitar da sunayen 'yan takarar gwamna biyun da masu rajista sama da miliyan ɗaya da rabi suka tarar a rumfa. A wancan lokacin, a ƙa'ida 'yan jam'iyya ne ke zaɓen daliget a taron mazaɓa. A aikace, sau da yawa a ɗakin wani babba ake rubuta sunayen, a kai sakatariya a buga hatimi. Ana gobe zaɓen fitar da gwani sai a kwashe su zuwa masauki, a karɓe wayoyi, kowane ɗan takara ya aiko da nasa ambulan. Inda aka ce za a yi maslaha kuwa, sashe na 84 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya ce sai kowane mai neman takara da aka tantance ya amince a rubuce. Wanda kwangilarsa ko muƙaminsa ke hannun mai neman sa hannun, yaya zai ƙi?

Zaɓen ƙananan hukumomi ma ba ya buƙatar dogon bayani. Gwamna ke naɗa shugabannin hukumar zaɓen jiha. A 2024 APC ta lashe duka 11 na Gombe, PDP ta lashe duka 20 na Bauchi. Cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce.

Mai sauraro zai ce to mutane su yi magana mana. A nan aikin yi ya shigo. In ka cire kamfanin simintin Ashaka da bankuna da 'yan masana'antu ƙalilan, gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata. Matashin da ya gama bautar ƙasa yana tsakanin koyarwa a makarantar kuɗi, da teburin POS, da Keke Napep na biya a hankali, ko jiran gurbi. Gurbin kuma kan zo ne ta hannun ɗan siyasa, da takarda ko kiran waya. Mai jiran irin wannan kira ba zai soki mai kiran ba, haka mahaifinsa, haka yayansa.

Mu ma gidajen rediyo ba mu tsira ba. Tasha na shan dizal kullum, tana biyan albashi da kuɗin lasisin NBC, hukumar kula da kafafen yaɗa labarai, kuma a Agustan 2022 hukumar ta sanar da soke lasisin tashoshi 52 kan bashi. Kuɗin shiga kuwa daga sanarwar gwamnati da tallar maganin gargajiya da filin sojojin baka yake fitowa. A lokacin zaɓen 2023, sashe na 95 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya wajabta wa kafafen gwamnati ba jam'iyyu lokaci daidai wa daida, amma da sharaɗin a biya kuɗin fili. Ƙaramar jam'iyyar da ko hayar ofis ke gagararta ba za ta sayi rabin awa kowane dare ba, don haka duk tashar da ka murɗa muryoyin gida biyu za ka ji.

Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta mazaɓa. A lokacin zaɓen 2023, Dokar 2022 ta ce jam'iyya ta ba INEC sanarwar kwana 21 kafin kowane taron zaɓen shugabanni ko 'yan takara, ta kuma miƙa rajistar 'ya'yanta kwana 30 kafin ranar. Wanda sunansa ba ya cikin wannan rajista, ko yana riƙe da katin jam'iyya, ba shi da hujjar shiga layi, kuma da wannan ake sallamar mutane da dama tun daga bakin ƙofa.