Koriya ta Kudu da Naman Kare: Wa Ya Sauya Mata Ra'ayi?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci.

Ranar 9 ga Janairun 2024 majalisar dokokin Koriya ta Kudu ta haramta kiwon karnuka don yanka, da sayar da namansu. 'Yan majalisa 208 suka amince, babu ko ɗaya da ya ƙi. An ba masu sana'ar wa'adin shekara uku, zuwa 2027. Daga nan wanda ya yanka kare don ci zai iya shan ɗaurin shekara uku, ko tarar won (kuɗin ƙasar) miliyan 30. Shi mai ci kuwa, doka ba ta taɓa shi ba.

Na san tsikar jikin wasunmu ta riga ta tashi. Bahaushe ko ɗakinsa ba ya son kare ya leƙa, balle tukunyarsa. To amma ƙyama ba hujja ba ce. Mabiyin addinin Hindu ma haka yake ji in ya ga an yanka saniya.

Turawa sun daɗe suna yi wa Koriyawa gori. Lokacin wasannin Olamfik na 1988, sai da aka kori masu sayar da farfesun kare, wanda suke kira boshintang, daga manyan titunan Seoul zuwa lunguna. Gabanin gasar cin kofin duniya ta 2002, 'yar fim ɗin Faransa Brigitte Bardot ta kira abin dabbanci. Koriyawa suka harzuƙa, suka tuna mata yadda ake yi wa agwagi ɗura a ƙasarta don hantarsu ta kumbura. Sana'ar ta ƙara shekara ashirin da 'yan kai.

A ganina, daga cikin gida aka ci ta da yaƙi. Matasa suka taso da karnuka a ɗakunansu, suka ga hotunan gonakin: kejin waya, ragowar abinci mai tsami, kisa da wutar lantarki. Farfesun ya koma cimar dattawa a tsakiyar zafi. Ko da doka ta zo, kasuwa ta riga ta ja baya sosai.

Sai dai da sauran rina a kaba. Karnuka wajen rabin miliyan ne a gonakin lokacin da aka yi dokar, akasari ƙatti waɗanda ba mai ɗauka ya riƙe a ƙaramin gida. Gwamnati ta yi tayin diyya har won dubu 600 kan kowane kare. An lallashi mai gona ke nan; shi karen fa, ina za a kai shi?

Kada mu ɗauka labarin nesa ne. A Dawaki, cikin ƙaramar hukumar Kanke ta jihar Filato, akwai babbar kasuwar karnuka, kuma da yawansu daga garuruwanmu na arewa ake sayo su, a cusa a keji, a yi doguwar tafiya da su cikin rana har kudu. Ba ma ci, amma muna sayarwa. Kuma duk kejin da ya wuce ba tare da likitan dabbobi ya duba shi ba, yana iya wucewa da ciwon haukan kare.