Jawabin Maraba ga Mai Girma Minista a Tashar Binciken Gansakukar Teku

Ranka ya daɗe, Mai Girma Minista, sannu da hanya, barka da sauka. Kishinka ga ruwa da masu cin abinci da shi ba ɓoyayye ba ne, shi ya sa ba za mu yi maka kwana-kwana ba. Buƙatarmu ta farko madubin ƙirga ƙwayoyin gansakuka ce, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya gani, irin wanda ke leƙen samfuri daga ƙasa.

Tashar nan da kwale-kwalen aro ta fara, da raga guda mai ido mikiron 20 (mikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Da su aka fara tattara gansakukar da ido ba ya gani a ruwan gaɓar nan, ana rubuta sunan kowace iri da yawanta, wata bayan wata. Waɗanda suka koyi ƙirga a kan teburinmu yau su ke koyar da wasu. Amma idan ana rabon kayan aiki, sai a tuna da masu binciken kifi a manta da mu, alhali waɗannan ƙwayoyi su ne abincin farko da ƙananan halittun teku ke ci kafin kifi ya samu, kuma kusan rabin iskar oksijin da tsirrai ke samarwa a duniya daga irinsu take fitowa.

Ga yadda aikin yake. Ana ɗebo ruwa a zurfi daban-daban, a ɗiga masa ruwan aidin na Lugol har ya yi launin shayi. Sai a zuba mililita 10 zuwa 50 a wani ɗan kofi mai gindin gilas, a bar shi kwana guda ƙwayoyin su kwanta. Wannan ita ce hanyar da masanin kimiyya Utermöhl ya bayyana a 1958. Ƙwayoyin suna ƙasan kofin, don haka daga ƙasa ake kallonsu. Madubin da muke da shi daga sama yake kallo, ba ya kai gare su. Kuma sai an ƙirga ƙwaya kamar 400 kafin kuskure ya sauko kusan kashi 10 cikin ɗari.

Laka ta fi wuya. Idan ruwa ya janye da rana, diyatom, wasu nau'in gansakuka masu kwanson silika, sukan hauro saman laka har ta yi ruwan ƙasa-ƙasa, sai mu yanki santimita ɗaya na sama. A cikin lakar nan kuma ƙwayayen wani nau'in gansakuka mai suna dinofilajelet ke barci, wasu shekaru da dama, su farka idan zafi da taki sun yi musu daidai. Wasunsu, kamar Alexandrium, suna da guba. A 1987, gubar wata diyatom, Pseudo-nitzschia, ta taru a cikin naman mussel, wata halittar teku mai kwanso kamar kawa, a tsibirin Prince Edward na Kanada, fiye da mutum 100 suka kwanta, aka rasa rayuka. Mai ƙirga a kan lokaci shi ne ke gargaɗi kafin masunta su kwaso irin wannan.

Ranka ya daɗe, kwalaben samfurinmu sun taru a kan kanta, aidin ɗinsu yana kwashewa, ƙwayoyin suna lalacewa. Mun rubuta takarda, mun sake rubutawa, amsa ba ta zo ba.

Muna kuma roƙon wutar sola don firiza. Takardun tacen da muke auna kulorofil (koren sinadarin gansakuka) da su dole su zauna a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, a cikin duhu. Wuta ta ɗauke kwana biyu, aikin wata ya tafi.

Amma idan abu ɗaya za ka iya yi mana a wannan zuwa, Mai Girma Minista, madubin nan muke roƙo, da kofunan kwantarwarsa. Takardar bayaninsa tana cikin fayil ɗin da za mu miƙa maka yanzu. Allah ya ja zamaninka, ya mai da kai gida lafiya.

Kwamitin Tarbar Baƙi, a madadin ma'aikatan tasha