Banbury Run: Ranar da Tsofaffin Moto Ke Hawa Kwalta

Jama'a, ku dubi wannan moto da kyau. Ba shi da makunni, ba shi da sarƙa, bel ne ke jan tayar baya. Mai shi zai riƙe kai ya tura da gudu, injin na kamawa sai ya daka tsalle ya haye. Kafin yaƙin duniya na farko aka ƙera shi, kuma yau ɗin nan zai kama hanya.

Nan Gaydon ne, a yankin Warwickshire na Ingila, cikin filin gidan ajiye tsofaffin motocin Birtaniya. Duk shekara a watan Yuni, moto wajen 500 ke taruwa a nan don abin da suke kira Banbury Run. Ƙungiyar masu tsofaffin moto ta Birtaniya, VMCC, ce ke shirya shi, wadda Titch Allen ya kafa a 1946. An yi fitar farko a 1949, kuma sunan ya samo asali ne daga garin Banbury da ke kusa.

Sharaɗin shiga guda ne mai tsauri: sai moton da aka ƙera kafin 1931. To mu a nan Yamai, in aka ce tsohon moto, Mobylette ɗin iyayenmu muke tunawa. Ita kuwa a 1949 kamfanin Motobécane na Faransa ya fara fito da ita, saboda haka ko bakin ƙofa ba za ta kai ba. Haka Yamaha XT500, wadda Cyril Neveu ya ratsa Agadas da Yamai a kanta ya ci Paris-Dakar a 1979. Ƙungiyar na karɓar duk moton da ya haura shekara 25, amma wannan rana ta kakanni ce: Triumph, BSA, Norton, Sunbeam, Douglas, Scott.

Ba tsere ake yi ba. Ana sakin su kaɗan-kaɗan, waɗanda suka fi tsufa, na kafin 1915, a ba su hanya gajera mai sauƙi. Wanda ya zaɓi a auna masa lokaci, gudu daidai wa daida ake so ya riƙe, in ya iso da wuri ma laifi ne.

Yanzu ku kalli hannuwan wannan dattijo, don nan ne aikin yake. Ba murɗa totur yake ba. Ƙananan ƙarafa ne a kan kai: ɗaya na mai, ɗaya na iska, wani na daidaita lokacin da buji zai ba da wuta. Giya da hannu ake sa ta, a gefen tanki. Man inji ma da hannu ake tura shi, da ɗan famfo, lokaci bayan lokaci. Ka manta, inji ya ƙone. Ka cika, hayaƙi ya turnuƙe na bayanka. Fitilar kuma ba ta batir ba ce, ruwa ke ɗiga kan dutsen kabaid irin na masu walda, iskar da ta fito ita ake kunnawa. Birki? Sai dai a fara shiri tun daga nesa. Ɗan kabu-kabu da ke taƙama da gwaninta, a ba shi wannan mu gani.

Inda 'yan kallo suka fi cika shi ne hawan Sun Rising. Tudu ne mai tsayi da kwana. Wani moton ya haye yana ruri, wani ya fara shessheƙa a tsakiya, mai shi ya sauko yana turawa, jama'a na tafi. A ganina wannan wuri ya fi duk wani kofi da ake rabawa da yamma.

A filin kuma akwai kasuwar tsofaffin kayan gyara. Duk wanda ya taɓa yini a kasuwar Katako yana tonon ƙarafa don neman wani ƙaramin abu na Yamaha Mate zai gane ta nan take: tankuna masu tsatsa, fitilu, magneto mai ba buji wuta, kusoshi cikin gwangwani, ana ta ciniki. Yawancin kamfanonin da suka ƙera waɗannan moto sun daɗe da rufewa. Abin da aka rasa a kasuwar, sai a auna tsohon a kai wa mai injin sassaƙa ƙarfe ya fitar da sabo.